Wanda Aka Fi Ambato

Malam Barau ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana binciken kwaɗin fadama, amma shugaban tsangayarsu a jami'a, Farfesa Maikano, ya hana shi ƙarin girma.

"Sauran masana ba sa ambaton rubuce-rubucenka," in ji Farfesa a gaban kwamiti. "Kawo ambato dubu gobe, ko ka tattara kwaɗinka ka tafi."

Barau ya russuna. "Ranka ya daɗe, wato wanda aka fi ambato shi ya fi cancanta?"

"Ƙwarai kuwa."

"To, na janye. A ba Shaiɗan ƙarin girman, ba wanda ya kai shi yawan ambato."

Farfesa ya zabura. "A'uzu billahi minash Shaiɗanir rajim!"

"Ka gani? Ka ƙara masa ɗaya."

'Yan kwamiti suka tuntsire da dariya. Farfesa ya jawo takardar ƙarin girman, ya sa hannu yana gunaguni.