Ranar da Kurege Ya Toshe Kafar Hayaƙi

To, kowa ya sami wurin zama? Bara'atu, janye bakin zanenki daga jikin kaskon nan. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, Inna, mun kasa kunne.

Wata shekara aka yi marka a daji. Ruwan bai tsuge ba, bai kuma ɗauke ba, yau yayyafi, gobe yayyafi, har aka manta kamannin rana. Sanyi ya shiga ƙashi. Itace ya jiƙe, kara ya jiƙe, wutar kowane gida ta mutu.

Gida ɗaya ne wutarsa ba ta mutu ba, gidan Kurege. Kuma ba ƙoƙarinsa ba ne, ƙoƙarin matarsa Gwamma ne. Ita ce tun kafin ruwa ya sauka ta tara busassun ƙirare a lungu, ita ce kullum take binne garwashi a toka don ya kwana da rai.

Gidan nasu rami ne a ƙarƙashin wani tudu. A tsakiyar ɗaki akwai murhun yumɓu na jin ɗumi, wanda tsohuwa Iya Bushiya maginiya ta gina musu. A saman murhun ta huda rufi, ta dasa wuyan wani fasasshen tulu, don hayaƙi ya riƙa fita ta nan. Ranar da ta gama ta ce, "Kurege, ka ji ni da kyau. Wuta numfashi take yi kamar ni da kai. Kafar nan ta sama kada ka toshe ta, ƙofa kuma a bar mata ɗan tsagi. In ka hana wuta iska, taku za ta sha."

Kurege ya ce, "Na ji, Iya." Amma hankalinsa yana kan ɗumamen da ke hannun Gwamma.

To, a zamanin nan babu ashana. Wanda wutarsa ta mutu sai ya ɗauki tsingaro, wato guntun fasasshiyar tukunya, ya duba inda hayaƙi ke tashi, ya je ya yi sallama ya ce a sam masa wuta. Ba a hana wuta. In kuma ya tarar ana cin abinci, dole maigida ya ce masa bismillah. Shi kuwa Kurege, duk duniya ba abin da ke masa nauyi a baki kamar wannan bismillar ta tayi.

Ran nan da hantsi sai ga Kurege ya shigo jiƙe sharkaf, yana jan ɗanyar masara da ya karyo a gonar da ba tasa ba.

Gwamma ta ce, "Maigida, wannan kuma daga ina?"

Ya ce, "Daga inda ta fito. Hura wuta."

Gwamma ta tone toka, ta sa ƙirare, wuta ta kama. 'Ya'yansu biyu, Jatau da Auta, suka matso suna miƙa hannuwa. Ɗaki ya ɗauki ɗumi. Kurege ya ɗaga kai ya ga hayaƙi yana zurarewa ta wuyan tulu.

Ya ce, "Gwamma, hayaƙin nan ina za shi?"

"Waje mana."

"Wa ke waje?"

"Maƙwabta."

"Maƙwabtan da wutarsu ta mutu? Gafiya da 'ya'yanta rututu? Beguwa? Zomo da bai taɓa ƙoshi ba? Kowa ya zo da tsingaro, kowa ya tarar da masara, kowa in ce masa bismillah?"

Ta ce, "To sai me? Sanyi suke ji, Maigida. Ka ji tsoron Allah."

Bai saurare ta ba. Ya fita, ya hau tudu, ya cura taɓo da ciyawa ya danna a bakin tulu, ya bi da ƙafa ya daddale. Ya dawo, ya gangaro da dutsen niƙa ya tokare ƙofa, ya bi duk wani tsagi ya cusa tsumma.

Nan da nan hayaƙi ya cika ɗaki. Yara suka hau tari. Gwamma ta ce, "Ka tuna maganar Iya!"

Kurege ya ce, "Iya yumɓu ta sani, ni dabara na sani." Ya zare ƙiraren da ke hayaƙi ya turmusa su a ƙasa, ya bar jan garwashi zalla. Hayaƙi ya lafa. Ya ce, "Kin gani? Ba hayaƙi, ba maƙwabci, ba bismillah."

Ku kuwa kun san abin da Kurege bai sani ba. Garwashi ko ba a ga hayaƙinsa ba yana fitar da wani mugun abu, ba shi da launi, ba shi da wari. Shi ya fi baƙin hayaƙi haɗari, don ba ya sallama.

Kurege ya jera masara. Masara ta fara tas, tas. Ya juya wannan, ya juya waccan.

Jatau ya ce, "Baba, kaina yana ciwo."

"Yunwa ce. Yi haƙuri ta gasu."

Masara tana tas, tas. Auta ya ce, "Baba, barci nake ji."

"Ɗumi ne. Kwanta."

Masara tana tas, tas. Gwamma ta yunƙura za ta tashi, ƙafa ta ƙi ɗaukarta. Ta ce, "Maigida, ɗakin nan juyawa yake. Don girman Allah buɗe ƙofar nan."

Kurege ya buɗe baki zai ce ƙamshi ne ya bugar da ita, sai ya ji kansa shi ma yana sarawa, kamar ana daka a ciki. Ya dubi Auta. Auta ya yi laƙwas, wutsiya a yashe. Ya taɓa shi, bai motsa ba. Ya girgiza shi, bai motsa ba.

Nan fa ido ya raina fata. Ya rarrafa bakin ƙofa, ya zare tsumma ɗaya, ya sa kafaɗa zai ture dutse. Sai ya ga wani abu ta tsagin. Wata doguwar wutsiya mai ɓawo-ɓawo ta sauko daga saman tudu ta gitta ƙofar, tana lilo a hankali.

Guza ne. Kun san guza da son ɗumi. Sanyi ya koro shi daga bakin rafi, ya yi ta jan ciki har ya taka tudun nan ya ji ƙasa da zafi-zafi, sai ya baje a kai. Kuma tun da aka fara marka bai sa komai a cikinsa ba.

Guza ya ce, "Wa nake ji yana motsi a ƙasa? Kurege, kai ne? Ashe ɗumi gare ku haka, ba ku faɗa wa mutane ba."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, barka da sanyi."

"Barkanmu dai. Ina iyali? Ina 'yan yaran nan masu ƙiba? Fito da su mu gaisa."

"Barci suke, ranka ya daɗe."

"Ba komai. Ni ba sauri nake ba."

To, ga Guza a waje, ga guba a ciki. In ya buɗe, a cinye su. In ya bari, su tafi a barci. Ya manna hanci a tsagin nan ya shaƙi 'yar iska, ya jawo yaran ya kara hancinsu a wurin, amma tsagin bai kai faɗin tsinke ba. Ya waiwaya. Gwamma ta kwanta, leɓenta yana motsi da salati, murya ba ta fita.

Kurege ya ɗaga kai ya dubi wuyan tulu. Daga waje ya toshe shi, daga waje kuma za a buɗe. Kuma ba kowa a waje sai Guza.

Sai ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya ɗaga murya.

"Gwamma! Ƙwan zabin nan ina kika ɓoye su?"

Shiru. Gwamma ba ta ko motsa ba. Kurege ya ji hawaye ya cika masa ido. Ya ƙanƙance murya, ya amsa wa kansa da muryar mata.

"Haba Maigida, yi a hankali mana, Guza zai ji!"

Ya koma muryarsa. "Guza kurma ne, faɗi!"

Ya koma muryar mata. "Suna cikin tulun da ke binne a saman tudu, wanda ka liƙe bakinsa da taɓo. Cike yake fal!"

A sama wutsiya ta daina lilo.

Kurege ya kasa kunne. Idonsa yana rufewa yana buɗe shi da ƙarfi. Can sai ya ji ƙarar farce, ƙarr, ƙarr. Ƙasa ta fara zubowa. Ƙarr, ƙarr. Sai curin taɓo ya fita fit, haske ya faɗo cikin ɗaki, iska mai sanyi ta biyo shi.

Kurege ya ce, "Alhamdu..."

Bai ƙarasa ba haske ya ɗauke. Guza ya zura kansa cikin wuyan tulu har kafaɗa, ya toshe kafar fiye da yadda taɓo ya toshe ta. Ga idanu suna juyawa a saman murhu, ga harshe mai baki biyu yana fita yana komawa, yana lasar iska kusa da ƙafar Auta.

Guza ya ce, "Ina ƙwan? A'a, ashe abin da ya fi ƙwai ne a nan."

Ya yunƙura zai shigo, tulu ya riƙe shi. Ya yunƙura zai koma, tulu ya riƙe shi. Rufi ya fara tsagewa.

Kurege ya duba dama, ba sanda. Ya duba hagu, ba muciya. Ba komai kusa sai masara a kan garwashi, ta yi ja, har gefenta ya kama wuta. Ya miƙa hannu zai ɗauki babbar. Wallahi yaran nan, a cikin wannan halin, sai ya janye hannu ya lalubo ƙaramar. Ya riƙe ta ta gindi, ya miƙe a kan ƙafafun baya, ya danna ta a hancin Guza.

Guza ya kurma ihu. Ya fizga da dukan ƙarfinsa, wuyan tulu ya tumɓuke tare da shi, rabin rufi ya bi su. Ya ruga rafi da tulu a wuya, yana tafe yana karo da itatuwa.

Ruwa da jiƙaƙƙiyar ciyawa suka zubo kan garwashi. Wani farin hayaƙi ya turnuƙe, ya miƙe sama ya wuce tsawon giginya, ƙamshin gasasshiyar masara yana biye da shi. Kurege ya ga wannan da idonsa, sannan ya faɗi sumamme.

Duk dajin aka ga hayaƙi. Gafiya ta ɗauki tsingaro, Beguwa ta ɗauki tsingaro, Zomo ya ɗauki biyu. Iya Bushiya ta biyo baya tana dogara sanda.

"Salamu alaikum, a sam mana wuta!"

Shiru.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Shiru.

Iya Bushiya ta hau tudu ta leƙa. Ta ce, "Innalillahi! Gafiya, tone ƙofar nan! Zomo, ajiye tsingaron, shiga ka jawo su, kada ka daɗe a ciki!"

Gafiya ta tone, aka ture dutse, aka jawo su ɗaya bayan ɗaya aka shimfiɗe a fili inda iska ke kaɗawa. Aka hau yi musu fifita da ganye. Jatau ya yi tari ya buɗe ido. Gwamma ta ja dogon numfashi ta tashi zaune. Kurege ya farfaɗo yana tambayar ina yake.

Auta bai motsa ba.

Gwamma ta rungume shi tana kiran sunan Allah. Iya Bushiya tana murza masa ƙirji. Ba ka jin komai sai yayyafi a kan ganye. Kurege ya tsaya gefe, wutsiya a ƙasa, ya kasa duban kowa.

Can sai hancin Auta ya motsa. Ya sake motsawa. Sai atishawa. Ya buɗe ido ya ce, "Masarar ta gasu?"

Aka ɗauki hamdala, wasu na dariya wasu na share ido. Iya Bushiya ta juyo. "Kurege, me na gaya maka ranar da na gina murhun nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Guza ne ya..."

Gwamma ta ce, "Maigida."



Zomo ya riga ya shiga ya kwaso masarar ya jibge a tsakiya. Kowa ya zauna ya kewaye ta. Ba wanda ya miƙa hannu. Duk suka zuba wa maigida ido, don al'ada al'ada ce.

Kurege ya dubi masara, ya dubi taro. Ya ce wani abu can cikin maƙoshi.

Beguwa ta ce, "Ba mu ji ba."

Ya dubi Auta a cinyar uwarsa, da rai, yana lasar baki. Ya ce, "Bismillah."

Kafin ya rufe baki sai totuwa. Kowa ya ci, kowa ya ɗebi garwashin da ya rage a tsingaro, kowa ya yi godiya. Abin da aka bar wa Kurege guda ɗaya ne, 'yar ƙaramar nan da ta sha hancin Guza. Ya juya ta, ya sake juya ta, ya goge ta a ciyawa, ya cinye.

Tun daga ranar, in kun ga ramin kurege za ku tarar da ƙofofi barkatai, nan kafa, can kafa. Kuma za ku gan shi ya fito ya miƙe a kan ƙafafun baya yana shinshina. In ka tambaye shi, sai ya ce iska yake sha. Gwamma kuwa ta ce ƙarya ne, masu tsingaro yake hange.

Ƙurunƙus kan guza, da wuyan tulunsa da komai. Wanda duk ya ƙudura zai yi rowa, to ya yi ta da taga a buɗe.

Ukasha, tashi ka fitar da kaskon nan tsakar gida, ba a barci da shi a ɗaki. Tagar kuma bar ta yadda ka gan ta. Ku yi addu'a ku kwanta.