Tafkin Bayan Gidan Kurege

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Kurege ne dai. Ubansa ya rasu ya bar masa gida, a bayan gidan kuma akwai tafki. A da tafkin abin kallo ne, ga matakala, ga gefe sumul, tsohon yakan shiga ya yi iyo in rana ta take. Da ya faɗo hannun Kurege sai ya lalace. Laka ta cike shi, gindinsa ya tsattsage, ko ruwan sama ya sauka sai ya tsiyaye ya bar caɓi.

Bazara ta shigo, gari ya ɗau zafi. Kurege ya tsaya a bakin tafkin yana fifita da wutsiya, ya ce, "Wannan tafki yana son gyara." Ya dubi hannuwansa, ya ce, "Amma ba da waɗannan ba."

Sai ya tafi wurin Gyado.

"Kawu Gyado, barka da hutawa. Tafkin babana zan gyara, kai na fara tunawa. Ka yashe mini lakar, in an cika shi kai za ka fara shiga."

"Ni zan fara shiga?"

"Kai za ka fara shiga."

Gyado ya zo ya kafa haure, ya yi ta tono yana watso laka waje. Kurege yana inuwa yana ɓare gyaɗa, yana cewa, "Kawu, waccan kusurwar ba ta fita ba." Har tafki ya fito tas.

Sai ya tafi wurin Giwa, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, Gwaggo. Gindin tafkina yana son daɓe, kuma duk dajin nan babu mai ƙafa irin taki. In an cika shi ke za ki fara shiga."

"Ni zan fara shiga?"

"Ke za ki fara shiga."

Giwa ta zo ta yi ta takawa, dim, dim, dim, har ƙasa ta yi tauri kamar dutse.

Sai ya tafi wurin Kunkuru.

"Yaya Kunkuru, saura yaɓe. Ka kwaɓa jar ƙasa da makuba don kada ruwa ya tsiyaye, ka bi ta da ƙirjin nan naka mai santsi. In an cika shi kai za ka fara shiga."

"Ni zan fara shiga?"

"Kai za ka fara shiga."

Kunkuru ya yi ta yaɓe, yana hawa yana sulmiyowa, har gefe ya koma sumul, matakala ta tashi. Da yaɓe ya bushe, Giwa ta yi ta safa da marwa zuwa kogi, tana zuƙo ruwa da hancinta tana juyewa, har tafki ya cika maƙil. Suka ce gobe da hantsi za su zo wanka, kowa ya tafi yana murna, kowa yana ganin shi ne na farko.

Kurege ya zauna a matakala yana kallon ruwa garai-garai. Ya tuna jikin Gyado, duk taɓo. Ya tuna girman Giwa, in ta shiga rabin ruwan waje zai yi. Kunkuru kuwa in ya shiga sai magariba. Ya ce, "Tafkin ubana ne, ba na ubansu ba."

Ya gangara kogi, ya tarar da Kada kwance a ɗan guntun ruwan da ya rage, bayansa duk a waje.

"Baba Kada, sannu da zafi. Wata 'yar alfarma nake nema. Gobe da hantsi ka zo ka kwanta a tafkina. In baƙi sun zo ka buɗe baki kawai, in sun tafi ka dawo gida."

Kada ya ce, "Ruwan da zurfi?"

"Da zurfi, Baba."

"To, Allah ya kai mu."

Gari ya waye. Gyado ya zo, Giwa ta zo, Kunkuru ya iso daga baya. Tun a ƙofa suka fara gardama, wannan ya ce ni zan fara, wannan ya ce ni aka ce wa. Kurege ya tare su yana sharar hawaye.

"Wayyo, bayin Allah! Ku zo ku ga abin da na wayi gari da shi."

Suka leƙa. Kada ya ɗago kai, ya wage baki. Gyado ya ɗaga wutsiya sama, bai tsaya ba sai bayan katanga. Kunkuru ya shige cikin ƙoƙonsa. Giwa ta naɗe hancinta ta ce, "Ni ba na haɗa ruwa da mai haƙora." Suka fita suka zauna a gindin tsamiyar da ke bayan katangar, suna jajanta wa juna.

Kurege ya yi tsalle, ya dawo bakin ruwa.

"Madalla, Baba. An gama, sai ka koma gida."

"Wane gidan?"

"Kogi mana."

"Kogin da Giwa ta kwashe ta juye a nan? Ai ruwana na biyo. Na iso gida."

Kurege ya matso zai yi magiya, sai Kada ya miƙo ƙafa ya danne masa wutsiya.

"Kuma tun safe ban karya ba. Mai gida kan ciyar da baƙo. In babu abinci, mai gidan ma ya isa."

Kurege ya dubi Kada sama da ƙasa, ya gyaɗa kai.

"Ka ci, Baba, ba komai. Amma lalle ta fara kamawa."

"Mece ce ta fara kamawa?"

"Fatarka. Ai ba tafkin wanka ba ne, ramin jima ne. Da bagaruwar jima Kunkuru ya kwaɓa yaɓen. Dukawa ne suka ce in samo musu kada in jiƙa, takalma za su ɗinka. Shafa cikinka ka ji."

Kada ya ɗaga ƙafar da ya danne wutsiya da ita, ya shafa cikinsa. Ya ji laushi. To, cikin kada dama can da laushinsa, amma shi bai taɓa shafawa ba.

"Ya yi laushi!"

"Zuwa azahar zai fi haka."

Kada bai nemi matakala ba. Ya zabura ya daki gefen tafki da kai, ya maka masa wutsiya, gefe ya fashe, katanga ta rufta. Ruwa ya kwararo waje gaba ɗaya, ya tafi da Kada, ya taru a kwarin gindin tsamiya. Kada ya ratsa ta tsakanin ƙafafun Giwa yana ihu, "Kurege ne ya gayyato ni! Ashe takalmi zai yi da ni!"

Giwa ta dubi Gyado, Gyado ya dubi Kunkuru. Ruwa dai ga shi ya zo har inda suke, sai suka kwanta a ciki suka yi ta birgima.

Can Kurege ya leƙo ta inda katanga ta faɗi.

"Ranki ya daɗe, Gwaggo, tafkin yana son ɗan gyara kaɗan. In an cika shi..."

Giwa ta zuƙi taɓo ta fesa masa a fuska.

Kurege ya koma ciki. Rana ta busar da gindin tafki, ya zama ƙura. Zafi ya ishe shi, ya sauka ta matakala a hankali, ya kwanta a tsakiya, ya yi ta juyi yana watsa ƙasa a baya. Hankaka ya zo wucewa ya ce, "Kurege, me kake yi haka?"

"Iyo nake yi. Wannan ya fi lafiya, ba ya sa mura."

Shi ya sa har yau in kun ga kurege, a ƙasa yake wanka.

Ƙurunƙus, kan kurege da ƙurarsa. Wanda duk zai gyara tafki, kada ya kira Kada. In kuwa ya riga ya kira shi, to, ya fara koyon iyo a tudu.