Furen Rawaya a Ƙonannen Tudu

Akwai wani manomi wanda idon mahaifiyarsa ya fara dushewa. Ran nan da rani ta ce masa, "Kai ɗan nan, kafin duhu ya gama rufe ni, ina so in sake ganin furen rawaya. Tun da garma ta cinye makiyayarmu ban ƙara sa shi a ido ba."

Mutumin bai san furen ba, girman kai kuwa ya hana shi tambaya. Ya ce a ransa, fure ai sai wurin ruwa. Ya gangara fadama, ya tsinko wani mai ruwan ɗorawa. Tsohuwa ta kai shi dab da idonta, ta ƙyalƙyale da dariya.

"Furen kabewa? Miya na ce maka zan yi?"

Washegari ya kawo na kuɓewa.

"Madalla, saura daddawa! Zauna ka ji. Rawaya ba ya zaman lambu. Je ka tudun tsakuwan nan inda makiyaya suka sa wa ciyawa wuta. Ba ganye, ba kara, a kan ƙasa yake zaune, kunnuwansa biyar."

"Inna, can ai toka ce zalla. Sau uku na wuce."

"Ka dai wuce. Ka duƙa?"

Ya tafi, ya duƙa. Sai ga shi a tsakiyar baƙar toka, rawaya shar, kamar an kunna fitila a ƙasa. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya sa hannu zai tono, ya iske saiwar ta nutse can ƙasa inda wuta ba ta kai ba. Ya mayar da ƙasar a hankali, ya koma gida, ya goyo tsohuwar a bayansa har tudun.

Ta durƙusa, goshinta ya kusa taɓa toka. Ta ƙura wa furen ido.

"Shi ne," in ji ta. "Wuta ta bi ta kansa, ga shi kuwa. Ya Ubangiji, sai kai!"

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, mukan nemi alherin Allah inda komai ke kore, mu wuce wurin da ya ƙone a rayuwarmu da sauri, ko waiwaye babu. Alhali abin da Ubangiji ya dasa da zurfi, wuta ba ta kai masa. In akwai inda ka ce ya zama toka, a gidanka ko a zuciyarka, koma can yau, ka durƙusa, ka duba da kyau.