Ƙofar Da Musaddiq Ya Sayar

Akwai wani matashi a Abuja mai suna Musaddiq, wanda sana'arsa ba ta da shago, ba ta da rumfa. Sunaye yake saye yana sayarwa.

Ba sunan yanka ba. Sunan shafin intanet, wanda 'yan harkar ke kira domen, wato adireshin da za ka rubuta a waya ya kai ka shafin wani kamfani ko wata ƙungiya. Shi irin wannan suna ba a mallakarsa har abada, haya ce ta shekara-shekara. In mai shi bai sabunta ba, aka ɗaga masa ƙafa bai zo ba, sai sunan ya faɗo kasuwa. Wanda ya riga ɗauka, nasa ne.

Musaddiq kuwa ba a riga shi. Kullum yana lungun wani gidan abinci a Apo, kwamfuta a gabansa, yana jiran sunayen da za su faɗo kamar mai zaman jiran mangwaro a gindin bishiyar wani. Ya tsinta da araha, mai shi ya farka ya zo da gudu, shi kuma ya yanka masa farashi.

Lokacin garin na tashe, ko'ina gini, ko'ina sabon kamfani. Harka ta karɓe shi, har ya yi mota.

Yana da yaya guda ɗaya, Manniru, bakanike a garejin Apo. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya riƙe shi. Da hannun nan da baƙin mai ba ya fita daga farcensa ya biya masa makaranta.

"Ga mai sayar da iska nan," Manniru kan ce in ya hango shi. "Yau buhu nawa aka auna?"

"Yaya ke nan. Iskar nan dai ita ke kawo maka tsire."

Su yi dariya, su ci tare a kan bonet.

Wata rana da damina wani suna ya faɗo masa: Jinin Zumunci. Ya duba, ya ga kullum mutane na tururuwa zuwa wannan adireshi. Bai tsaya tambayar me suke nema a can ba. Ya cafke, ya rufe shafin, ya liƙa sanarwar sayarwa da lambar wayarsa.

Ba a daɗe ba wata mata ta same shi a lungunsa, gefen hijabinta a jiƙe da ruwan sama.

"Malam Musaddiq, ni ce na kira ka. Sunana Mashkura, ina koyarwa a firamare a Gwagwalada. Shafin nan na ƙanena ne, Al-Amin."

"To ya zo da kansa mana."

"Ya rasu."

"Allah ya jiƙansa," ya ce, idonsa na kan kwamfuta.

Ta ba shi labari. Al-Amin da ciwon sikila aka haife shi, ya san zafin kwanciya ana neman jini babu. Shi ya sa ya gina shafin. In mara lafiya na buƙata, sai a rubuta irin jinin da sunan asibitin, nan take saƙo ya shiga wayar duk masu irin wannan jinin da suka yi rajista. Ya buga sitika mai ɗauke da sunan shafin, ya bi asibitoci da tasha da bayan Keke Napep yana liƙawa.

Da ciwon ya kayar da shi na ƙarshe, saƙon sabunta haya ya yi ta shigowa wayarsa. Wayar kuwa tana ƙasan akwatin mahaifiyarsu a kashe, don ta kasa jure ganin ta.

"Wani abokinsa ya duba mana," in ji Mashkura. "Ya ce lambobin masu ba da jinin suna nan a kulle, amma saƙon buɗewa ta wannan sunan kaɗai yake zuwa."

Musaddiq ya ji wannan, sai ya ƙara wa kayansa daraja a zuci. Ya faɗi kuɗin da ko gidansu ta sayar da kyar ta haɗa.

Ta dube shi.

"Malam, ba suna na zo roƙo ba. Ƙofa ce. Akwai mutane a bayanta."

"Malama, intanet ba ta zaman makoki. Ban sata ba, ban ƙwata ba, saye na yi da halalina. Bizines ne."

Ta miƙe, ta gyara hijabinta, ta ce, "Allah ya ba mu alheri." Ta yi ta kira bayan nan, har ya ajiye lambarta da sunan Malama Naci.

Da ya kai wa Manniru labarin a matsayin abin dariya, Manniru bai yi dariya ba. Ya ajiye sifana, ya naɗe hannun riga, ya nuna masa lanƙwasar hannunsa inda allura ta bar ɗigo-ɗigo.

"Ka ga wannan? Ni ma sunana na cikin shafin nan. Jinina irin wanda ba a cika samu ba ne. Mu masu shi ba mu da yawa a garin nan, mu muke riƙe da juna. Yaron nan shi ya haɗa mu."

"Yaya, kai ma ai ba kyauta kake gyara ba."

"Ka taɓa ganin na tsaya ciniki da wanda motarsa ta mutu da mara lafiya a ciki? Musaddiq, ka mayar mata."

"To, Yaya."

A cikin satin nan wani kamfanin caca na ƙasar waje ya aiko masa da tayi. Su ba ruwansu da ma'anar sunan, taron da ke zuwa ƙofar suke so. Musaddiq ya duba yawan kuɗin. Sai ya ce wa ransa zai ware wani abu ya kai wa Malama Naci sadaka. Ya danna, suna ya tafi.

Da Manniru ya sake tambaya, ya ce, "An gama, Yaya."

Manniru ya dafa kansa kamar yadda yake yi masa yana yaro. "Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta zauna masa a ƙirji kamar dutse, amma ya saba da ita.

Damina ba ta kai ga fita ba, aka kira Manniru gyaran wata babbar mota da ta lalace a hanyar Gwagwalada. Ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi. Yana ƙarƙashinta jak ɗin da ya ɗaga ta ya zame.

Musaddiq ya isa asibitin da aka kai shi da rana tsaka, takalmi ɗaya a ƙafarsa. Ma'aikacin ɗakin jini, wani mai suna Simon, ya tare shi.

"Oga, kai ne ɗan'uwansa? Ya zubar da jini sosai. Irin nasa ya ƙare mana, mun tambaya a wasu wurare, babu. Zo mu gwada naka."

Aka gwada, bai dace ba.

"Nawa ne? Ko nawa ne zan biya!"

"Ba maganar kuɗi ba ne, oga. Jinin ne babu." Simon ya nuna wata sitika da ta koɗe a jikin bango. "Da can wannan sunan muke rubutawa a waya, kafin ka juya mutum ya zo. Yanzu wani mugu ya mayar da shi wurin caca. Allah zai tambaye shi."

Musaddiq ya tsaya yana kallon bangon. Ya san abin da zai gani, amma duk da haka ya ciro waya, ya rubuta sunan. Fitilu suka kama walƙiya, ƙwallo na tsalle, ana gayyatarsa ya gwada sa'arsa.

Ya laluba lambobin wayarsa har ya kai kan Malama Naci.

Ta saurare shi yana magana yana sarƙewa. Ba ta tuna masa komai ba.

"Wane asibiti?" kawai ta ce. Sai kuma: "Lambobin suna inda ka sani. Amma na tuna mutum ɗaya mai irin jinin, Yamusa, yana sayar da lemo a kasuwar Zuba. Ba ni da lambarsa. Bari in je da ƙafata."

Ta bar ajinta, ta hau babur cikin yayyafi. A Zuba ta bi rumfa-rumfa, tana tsallake tulin kankana da abarba, tana tambayar wa ya san Yamusa mai lemo. Wannan ya ce gaba, wancan ya ce ya tafi sauke kaya.

A can asibiti aka bar Musaddiq ya shiga wurin yayansa. Manniru ya yi fari kamar ba shi ba. Farcensa ne kaɗai ke nan da baƙinsu.

Ya buɗe ido da kyar.

"Mai sayar da iska... kuka kake yi?"

"A'a, Yaya."

"An rubuta a shafin?"

Musaddiq ya kasa ɗaga kai.

"To kwantar da hankalinka," in ji Manniru, muryarsa can ƙasa. "Mutanen Al-Amin za su zo. Kullum suna zuwa. Ka ga amfanin mayar mata da ka yi?"

Musaddiq ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, harshensa ya ƙi. Ya riƙe hannun nan da ya ciyar da shi, yana jin ɗuminsa na janyewa a hankali, kamar rana in ta bar jikin bango da yamma. Manniru ya yi kalmar shahada, idonsa na kan ƙofa.

Jim kaɗan sai ga Mashkura da wani dattijo kakkaura, jiƙe sharkaf, yana ƙamshin ɓawon lemo. Tun daga bakin get ya naɗe hannun rigarsa.

"Ina mara lafiyar? Ina zan kwanta?"

Simon ya sunkuyar da kai.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Yamusa. "Wane ne?"

Aka faɗa masa. Dattijon ya dafa bango.

"Manniru bakanike? Shekarar da motar kaya ta kife da mu, shi ya baro aikinsa ya zo ya ba ni jini. Jininsa ne a jikin nan nawa. Wayyo, da saƙo ya shigo mini kamar da, ai da tuni ina nan."

Ya share fuska da hularsa, ya juya wurin Simon.

"Ɗana, ɗiba duk da haka, ka ajiye wa na gaba. Ban naɗe hannun riga don in koma da shi gida ba."

Bayan an share makoki, Musaddiq ya rubuta wa kamfanin cacar, ya ba su labari duka, ya roƙe su su sayar masa da sunan ko nawa ne. Amsa ta zo a taƙaice cikin ladabi: sun yi masa ta'aziyya, amma saye suka yi bisa ƙa'ida, kuma ba na sayarwa ba ne.

Ya karanta, ya gane muryar. Tasa ce.

Ya sayar da motar. Shi da Mashkura da Yamusa suka buɗe sabon shafi da sunan Al-Amin, suka bi kasuwanni da gareji suna sake rajistar mutane ɗaya bayan ɗaya. Ya biya hayar sunan ta shekaru masu yawa, ya damƙa mata komai. Ya nemi gafararta, ta ce, "Ni na yafe tun ranar. Ka yi ta yi masa addu'a."

Sai dai tsofaffin sitikun suna nan birjik a gari, kuma duk wanda ya bi su cikin tashin hankali, gidan caca za su kai shi.

Shi ya sa in ka bi tashar Gwagwalada ko bakin kasuwar Zuba, za ka iya ganin wani matashi ramamme da reza a hannu, yana kankare tsohuwar sitika a bayan Keke Napep, yana liƙa sabuwa. Ba ya yawan magana.

Wani direba ya taɓa leƙowa ya ce masa, "Oga, wai nawa ake biyanka wannan wahala?"

Musaddiq bai ɗago ba. Ya ci gaba da kankara.

"Na riga na karɓi kuɗina," ya ce.

Darasi: Ba duk abin da ƙa'idar kasuwa ta ba ka dama ne zuciya ta gari za ta ɗauka ba. Neman riba halal ne, amma kafin ka kulle wata ƙofa don a zo a roƙe ka, tambayi kanka su wane ne a bayanta, domin ba ka san ranar da naka zai kwanta yana kallon ta ba. Rai da ajali na Allah ne, amma nadama ta mai ita ce, kuma ba a sayar da ita ga wani. 'Yan uwa, ku tura wa duk wanda kuke ƙauna, musamman masu neman na kansu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu zama mabuɗan alheri.