Aku da Rigar Babanta

Akwai wata yarinya 'yar ajin ƙarshe a wata sakandaren 'yan mata, wadda ko malamai sun manta da sunanta na yanka. Kowa Aku yake ce mata, don ba muryar da za ta ji sau ɗaya ba ta ɗauke ta ba. Ta iya tarin shugabar makaranta, ta iya yadda malamin lissafi ke gyara tabarau kafin ya zabga wa mutum sifili. In ta fara, sai mutum ya riƙe ciki.

Babanta tela ne, yana da ɗan shago a bakin titi, daga keken ɗinki sai almakashi sai tarin ƙyallaye. Mutum ne mai sanyin hali, amma yana da in'ina mai nauyi. In kalma ta maƙale masa, sai ya runtse ido, ya riƙa buga cinyarsa da tafin hannu har ta fito.

Ana nan aka sanar da gasar wasan kwaikwayo tsakanin makarantu. Tunda makarantarsu ba maza, 'yan matan ne ke fitowa a maza. A liƙa gemun auduga, a zana gashin baki da gawayi, shi ke nan an samu maigida. Aku aka ba wannan matsayi, wani tsoho mai rikici da akuyar maƙwabci ta cinye wa shuka. Ƙawarta Doguwa kuma ita ce matarsa.

Da aka fara gwaji, wasan ya ƙi armashi. Malamar da ke horar da su ta tafa hannu ta ce, “Aku, tsohon nan naki ba gishiri. Ki sa masa wani abu mana.”

Aku ba ta tsaya tunani ba. Ta runtse ido, ta maƙale a kan kalma, ta shiga buga cinya. Ai kuwa aji ya kece da dariya, wata har da faɗowa daga kan benci. Ba wadda ta san daga ina ta samo abin, ita kuma ba ta faɗa ba.

Malama ta ji daɗi ƙwarai, ta sake gina wasan gaba ɗaya a kan in'inar. Duk inda tsoho ya maƙale ya buga cinya, nan matarsa za ta katse shi ta ƙarasa masa zancen yadda ta ga dama. Bugun cinyar nan shi ya zama alamar da kowa ke jira kafin ya shigo da nasa.

Aku ta nemi aron riga da hula a wurin babanta. Ya ɗauko mata ta fitarsa, ya auna ta, ya zauna ya rage mata tsawo don kada ta taka ta faɗi a gaban mutane. Da ya tambayi ranar gasar, ta kawar da kai ta ce, “Ai ba a gayyaci iyaye ba, Baba.”

Ni dai ba zan ce yarinyar nan muguwa ce ba. Yarinta ce, da daɗin tafi. Wanda ya taɓa sa ɗaki guda dariya ya san yadda abin ke hawa kai.

Ranar gasa zaure ya cika maƙil, alƙalai na gaba da birukansu. Ana dab da kiran makarantarsu, Aku ta ɗaga gefen labule ta leƙa. Can wajen tsakiya ta hango babanta, ashe ya ji labarin ranar, ya rufe shago ya zo, yana zaune a takure tsakanin mutanen da bai sani ba. Nan take ta saki labulen.

Doguwa ta taɓa ta. “Ke, lafiya? Har gemunki rawa yake.”

“Babana ne ya zo.”

“To sai me? Ki yi murna mana.”

“Doguwa, in'inar nan tasa ce. Shi nake kwaikwayo.”

Doguwa ta kama hannunta. “Don Allah, Aku, yau ɗaya dai. Kin san wahalar da muka sha. Zai gane wasa ne.”

Aka ja labule. Aku ta fito cikin rigar, ta fara faɗan akuya, mutane suka fara murmushi. Da ta iso inda ya kamata ta maƙale, ta ɗaga hannu za ta buga cinya. Hannun ya tsaya a sama. Ta sauke shi a hankali, ta faɗi kalmar tiryan-tiryan.

Doguwa na gefe baki buɗe tana jiran alamarta, alama ba ta zo ba. Mai fitowa a maƙwabci ta shigo kafin lokacinta, ta koma da baya da sauri. Malama na bayan labule tana ta buga tata cinyar don ta tuna wa Aku, Aku ta yi kamar ba ta gani ba. Haka wasan ya tafi a hargitse har ƙarshe. Zauren da aka shirya zai tashi da dariya, ba abin da kake ji sai masu tari.

Ko na uku ba su zo ba.

A bayan fage 'yan mata suka yi ta kuka, wata ta ja tsaki ta ce Aku ta cuce su. Malama ta dube ta rai a ɓace ta ce, “Me ya same ki yau?” Aku ta sunkuyar da kai. Su ma fa abin tausayi ne, don sun sha wahala kuma ba su yi laifin komai ba.

A waje ta tarar da babanta tsaye a inuwar katanga. Gawayi ya haɗu da hawaye ya ɓata mata fuska. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ka yafe min. Ƙarya na yi maka, kuma…”

Ya ɗaga mata hannu. Ya runtse ido, ya jima yana fama kafin maganar ta fito.

“Na-na sani. Ina jin ki kina gwadawa a bayan ɗaki.”

Aku ta ɗago a razane. “Ka sani, Baba? To me ya sa ka zo?”

“Na ce in dai za ki ci, a-a yi min dariyar. Ai na saba.” Ya sa gefen hannun rigarsa yana goge mata fuska. “Tun ina yaro ake kwai-kwaikwayona. A makaranta, a kasuwa, har 'yan ɗakinmu. Yau ce rana ta farko da wani ya samu dama, ya ƙi.”

Darasi: Duk nasarar da sai ka taka mutuncin wani za ka kai gare ta, barinta ya fi alheri, ballantana mutuncin wanda ya haife ka. Masu haƙurin cikinmu suna jin zafi, shiru kawai suke yi. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu ba mutane dariya da lalurar wasu.