Kaskon Hajiya Falmata da Imel ɗin Kyari

Akwai wani saurayi a Fagge mai suna Kyari, irin mutanen nan da zama wuri ɗaya ke sa musu ƙaiƙayi. Tun sojoji na mulki ya bar Kano. Ya yi Legas, ya yi Kwatano, sai da farar hula suka daɗe da karɓar ƙasa sannan ya waiwayo gida.

Garin da ya tarar ba shi ya bari ba. Bangon kowane layi ya sha fastar 'yan siyasa. A Daidaita Sahu sun cika titi suna rige-rige da 'yan acaɓa. Ko'ina ka duba ga mai lema yana sayar da katin waya, har mai shayin bakin layinsu ya mallaki salula. A Sabon Gari kuwa, shagon da yake sayen faifan waƙa ya koma kafen intanet, matasa sun yi layi suna jiran kwamfuta.

Abu ɗaya ne bai canja ba: mahaifiyarsa, Hajiya Falmata, mai haɗa turaren wuta da humra irin na Barno. Ita ba ta talla, ba ta aike gidan kowa. Ranar da sabon haɗi ya nuna, sai ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa kaɗan, ta ajiye a bakin zaure. Ƙamshin ya bi layi. Mai so ta yafa mayafi ta shigo, wadda ba ta so ta wuce abinta.

Kyari ya kalli kaskon ya yi dariya.

"Inna, har yanzu da hayaƙi kike kiran mutane? Duniya fa ta wuce nan."

"To Auta, kai da ka ga duniyar, da me ake kiransu?"

"Da imel. Ki ba ni wata ɗaya ki sha mamaki."

Babbar mai sayen kayan Hajiya ita ce Hajiya Fanta, wata 'yar Maiduguri da ke aikin jinya a Landan. Ita ke sarin turare tana haɗa wa amaren can, kuma rabin cinikin gidan daga hannunta yake fitowa. Ta taɓa barin katinta mai ɗauke da adireshin imel. Kyari ya ɗauki katin ya nufi Sabon Gari.

Mai kafen ita ce Amarachi, haifaffiyar Kano, wadda suka yi firamare tare. Hausa a bakinta kamar ta 'yar cikin gari.

"Oga Kwatano, ashe kana raye," ta ce. "Na zaci teku ta tafi da kai."

Ya faɗa mata shirinsa, ya kuma nuna mata dabararsa. Hajiya Fanta ta taɓa turo wa yayarsa saƙon barka da Sallah, wanda ta aika wa jama'a da yawa a haɗe. Duk adireshin da ke saman saƙon nan Kyari ya kwashe.

Amarachi ta leƙa abin da yake rubutawa da Turanci: wai zuwa ga babban amininsa, yana da muhimmiyar harka ta gaggawa daga Najeriya.

"Kyari, ka san su wa ke fara wasiƙa haka? 'Yan damfara. Rabi kwandon shara za su faɗa, rabin da suka isa kuma za su jawo maka zagi."

"Ke dai ki ƙara min awa ɗaya."

"Akwai hanyar da ta fi wannan. Ana ce mata RSS. Ka buɗe wa Mama shafi. Duk wanda ke son labarin kayanta zai danna wata 'yar alama mai ruwan lemo. Shi ke nan, da ka saka sabon abu zai bayyana a kwamfutarsa. Bai ba ka adireshinsa ba, ba ka shiga akwatinsa ba. Ranar da ya gaji ya cire kansa."

"Wato in zauna in jira su zo? Ni ba na jira."

Haka ya dinga aikawa kullum safe, da hotunan kwalabe, har da ƙarin cewa Hajiya Fanta ma a wurinsu take saye.

Ba a jima ba wayar Hajiya Falmata ta yi ƙara ana cikin cin abincin rana. Muryar Hajiya Fanta har tsakar gida.

"Falmata, me na yi miki? Shugabar asibitinmu ta kira ni ofis, wai wane ne wannan ɗan Najeriya da ke damun ma'aikata da sunana. Baturiya da turaren wuta, don Allah? Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ki riƙe kayanki, zan nemi wata."

Ta kashe waya. Hajiya ba ta yi faɗa ba. Ta ture kwanon gabanta kawai ta shiga ɗaki, kuma wannan ya fi wa Kyari ciwo.

Washegari yana zaune a dakali, sai Hajiya ta fito da kasko ta ajiye kamar yadda ta saba. Ya zuba ido. Wata mata ta tsaya, ta shaƙa, ta shiga. Wasu biyu suka wuce suna hirarsu. Babu wadda aka tare, babu wadda ta ɓata rai.

Ya miƙe ya tari A Daidaita Sahu.

"Amarachi, abin nan naki mai ruwan lemo, ai kaskon Inna ne."

"Kaskon wa?"

"Ke dai nuna min."

"Sai ka ce, Anti Amarachi, na tuba."

Sai da ya faɗa, 'yan kafe na dariya, sannan ta ja kujera. Suka buɗe shafi da sunan Hajiya. Suka buga adireshin shafin a 'yar takardar da ake liƙa wa kwalabe, da bayanin yadda ake danna alamar. Ƙa'ida ɗaya Hajiya ta kafa: ba a saka komai sai ranar da ta kunna kasko.

Kyari ya so ya tura wa Hajiya Fanta imel na ban haƙuri. Hajiya ta ce ko kusa. Da wani ɗan unguwa zai koma karatu Ingila, sai ta ba shi ƙaramar kwalbar humra ya kai, ba tare da wani dogon bayani ba.

Daga nan aka shiga jira, abin da Kyari ya fi tsana a duniya. Kullum yana kafe yana tambaya ko an ƙaru.

"An samu wata daga Jidda," in ji Amarachi.

"Ɗaya tak?"

"Ɗayar da ta zo da ƙafarta. Ka zauna mana, kujerar ba ta cizo."

Damina ta shigo ta fara ja da baya. Masu bin shafin suka ɗan yi yawa, daga Abuja, daga Yamai, daga Jidda. Daga Landan kuwa shiru.

Ranar da Hajiya ta gama wani haɗi na sandal da kajiji da farcen turare, Kyari ya ɗauki hoto ya saka, ya rubuta layi biyu kawai. Kafin la'asar waya ta yi ƙara.

"Falmata, ni ce. 'Yata ta gani a kwalba ta saka min abin nan naku. Na daɗe ina leƙawa ina yin shiru, in ga ko ɗan naki zai sake. To wannan na yau kada ki sayar wa kowa, bikin 'yar tawa ya matso. Ki ce masa na ga ya yi hankali yanzu."

Hajiya ta ajiye waya ta dubi Kyari. "An ce ka yi hankali. Ni dai ban tabbatar ba."

Gaskiyarta kuwa, don bayan Sallah ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi. Wani abokinsa ya kira shi Njamena. Ya damƙa shafin a hannun Amarachi, suka shirya duk ranar kasko Hajiya za ta kira ta.

Yana cusa kaya a jaka ya ce, "Inna, ni ma zan buɗe nawa shafin. In ina da labari in saka, Amarachi ta karanta miki. Na daina damun mutane."

Hajiya ta tura kwalbar turare cikin jakar, ta ja zif ɗin da kanta.

"Shekarun da ka yi a Kwatano, sau nawa na ji muryarka? Turawan da ba su san ka ba, ka dame su kullum safe, ni da na haife ka shiru. Wannan tsarin na masu saye ne, Auta. Ni ban da ni. Ni ka dame ni kullum."

Darasi: Mai sayen kayanka ba a bin sa har cikin ɗaki. Ka gyara abinka, ka ajiye inda zai gani, ka bar masa zaɓi, ka yi haƙuri, in ya zo da kansa zai daɗe tare da kai. Amma iyayenka kada ka bari sai sun nemi labarinka. Ku tura wannan labarin ga 'yan kasuwar da kuka sani, sannan ku kira gida yau.