Gaisuwar Suruki a Kan Ruwa

An ce wai da hantsin wata Asabar aka iske Malam Hambali tsaye a bakin Tafkin Gauraka, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a laka, yana duban huluna huɗu suna yawo a kan ruwa, kawuna kuwa uku kacal yake gani. Jirgin da ya ɗauko su ya kife kamar ƙwarya. Masu gadi suka ruga da kwale-kwalen ceto, suka zura gora ƙarƙashin jirgin, sai ga kai na huɗu ya ɓullo, yana aman ruwa yana cewa, "Baba... mun... mun same ku lafiya?"

Daga kan baranda, wani ƙaton dattijo da carbi a hannu ya amsa, "Lafiya lau, Nazifi. Ya iyali?"

Shi wannan tafki ba na kowa ba ne. Masu hali ne suka zagaye shi da gidaje, suka ja katanga, kowa ya sayi ɗan jirginsa mai inji. Malam Hambali kuwa tsohon alƙali ne, ya ajiye aiki ya sayi gida a can don ya huta. Maƙwabta suka ɗora masa kula da dokokin ruwa, suna kiransa Sarkin Ruwa, alhali ko a baho bai iya iyo ba. Dokokin ba su da yawa: ba a shiga jirgi sai da jar rigar nan mai hana nutsewa, ba a gudu kusa da gaɓa, kuma wanda ya zauna a jirgi ya zauna ke nan sai an isa. Duk wanda ya tashi ko ya koma gefe guda har jirgi ya kife, za a ɗaure jirginsa wata uku.

To, tafkin yana da wani ƙunci a tsakiya, inda ruwa ya fi zurfi, kuma duk mai zuwa masallaci ko babbar ƙofa ta ruwa sai ya bi ta nan. Daidai nan ne barandar dattijon nan mai carbi, Alhaji Shu'aibu Mai Rodi, take, shi kuwa ba ya da wurin zama sai ita. Injiniya Nazifi, mijin 'yarsa Rumasa'u, gidansa na can tsallake. Yaro ne mai tarbiyya, tarbiyyar ce ma take neman halaka shi. Da zarar ya hango surukinsa sai ya saki inji, ya cire takalmi, ya matso gefen jirgi ya durƙusa. Abokansa kuwa ba za su zauna kamar gumaka ana gaida babba ba, sai su ma su zubo gefe guda. Ruwa kuma ba ya jiran a gama "ya gajiya".

Malam Hambali ya zaro takalminsa daga laka, ya hau barandar. Nazifi na tsugune a gefe, ruwa na ɗiga daga gemunsa.

"Alhaji," in ji Malam Hambali, "yau saura ƙiris mu yi jana'iza. Ka yi wa yaron nan izini ya riƙa gaishe ka a zaune."

"A zaune?" Alhaji Shu'aibu ya ajiye carbi. "Allah gafarta Malam, 'ya na ba shi, ba akuya ba. Ni ban ce ya kife ba, ladabi na ce ya yi. In bai iya durƙuso ba ya koya. Amma ran da ya wuce ni yana hakimce kamar direban tirela yana ɗago mini hannu, to kada ƙafarsa ta sake taka gidan nan."

"Doka kuwa ta ce in ɗaure jirginsa."

"Dokarku ce. Mu tun kafin a haƙa tafki muke da tamu."

Nazifi dai ya dubi wannan, ya dubi wancan. Gaba kura, baya sayaki.

Ana cikin haka sai labule ya motsa, wata 'yar tsohuwa ta fito tana dogara sanda, ta zo ganin abin da ya tara mutane. Hajiya Yalwa ce, uwar matar Alhaji, wadda kowa ke kira Iya. Kafin ƙiftawar ido wannan ƙaton mutum, mai rumbunan rodi a garuruwa, ya zame daga kujera ya zube ƙasa, ya sunkuyar da kai, muryarsa ta koma kamar ta ɗan makaranta. Yaransa biyu da ke tsaye bayansa su ma suka zube kamar an yanke musu igiya.

Iya ba ta ko dube shi ba. Nazifi ta duba, ta ce, "Kai kuma angona, kullum wanka da kaya? In sabulu ne babu a gidanku ka faɗa mini."

Malam Hambali ya ga wannan, ya yi sallama ya tafi.

Da la'asar Rumasa'u ta same shi a gida, idanunta sun yi ja. Ta ce, "Baba Malam, in ya durƙusa in rasa miji, in ya zauna in rasa gidan ubana. Wanne zan zaɓa?"

Ya daɗe yana shafa gemu. A ransa yana cewa, in ya ɗaure jirgin ya yi shiru, ya hukunta ladabi ke nan, kuma bayan wata uku a koma gidan jiya. In ya ƙyale, doka ta zama tatsuniya, wata rana a ƙirga huluna a rasa mai ɗaya. Shi kuwa Alhaji, ba a taɓa kayar da shi da magana ba, don ba ya tsayawa ya ji ta.

Can ya ce, "'Yata, yaushe rabon da kakarki ta yini a gidanki?"

"An daɗe."

"To zumunci ba ya son haka. Gobe ki aika mota ta ɗauko ta. Ki shimfiɗa mata darduma a barandarki mai kallon ruwa, iska ta fi kyau a nan."

Washegari ya aika wa Alhaji Shu'aibu cewa za a yi shari'a, amma a cikin jirgi. Alhaji ya iso matsayar jirage da babbar riga ta shadda tana ƙara, yaransa biyu na biye.

"Wace irin shari'a ce a kan ruwa?"

Malam Hambali ya ce, "Tun ina kan kujera ban taɓa yanke hukunci a kan gonar da ban taka ba. Kai ka ce durƙuso a jirgi abu ne da ake koyo. Na yarda. Mu zagaya ka nuna mini inda ya kamata a tsaya da yadda ya kamata a yi, in ya yiwu sai in mayar da shi doka, kowa ya bi."

Wannan magana ta yi wa Alhaji daɗi. Sai da aka miƙo masa jar riga fuskarsa ta sauya.

"Wannan abin zan ɗora a kan shaddata?"

"Ni ma ga tawa. Ruwa ba ya tambayar kuɗin yadi."

Da ƙyar aka ɗaure masa ita, ya koma kamar buhun auduga da aka yi wa ɗamara. Ya zauna a tsakiya, yaransa a bayansa, Malam Hambali a gaba ya riƙe katako da hannu biyu, Nazifi a wajen inji. Kwale-kwalen masu gadi na biye da su a hankali, kamar ba da su ake ba.

Tun da Alhaji ya sayi gida a Gauraka bai taɓa shiga jirgi ba, daga baranda yake mulkinsa. Da ƙasa ta fara nisa sai surutunsa ya ragu. Duk da haka ya daure, yana nuni da leɓe, don hannuwansa suna da aiki.

"Ka gani, Malam, abin ba wuya. Mutum ya kashe inji tun daga nesa, ya gyara riga, ya sauke gwiwa ɗaya a natse. Yaran yanzu ne komai sai garaje."

"Haka ne," in ji Malam Hambali. "Nazifi, bi da mu ta tsallake, mu ga wancan gefen."

Jirgi ya karkata ya nufi gidan Nazifi. Suna matsowa sai wata siririyar murya ta ratso ruwa.

"Wa nake gani kamar Shu'aibu?"

Abin da jiki ya saba shekara arba'in ba ya shawara da hankali. Alhaji bai san sanda ya miƙe ba. Ya tuɓe takalmi, ya yi gefen da Iya take, ya kai gwiwa. Yaransa biyu suka zubo bayansa. Jirgi ya kwanta, ruwa ya kwararo ciki har idon sawu, hular Alhaji ta faɗa ta kama hanyarta. Nazifi ya jefa jikinsa ɗaya gefen, Malam Hambali ya rufe ido yana salati, don ko shi da ya shirya abin bai zaci zai kai haka ba.

Sai aka ji Alhaji Shu'aibu ya kurma ihun da aka ji har babbar ƙofa: "Kowa ya zauna! Wanda ya sake motsi ban yafe masa ba!"

Ya koma tsakiya da rarrafe, ya zauna daɓas a cikin ruwan, ya rungume katako. Yaran suka koma mazauninsu. Jirgi ya yi 'yar rawa ya daidaita.

Iya ta gyara zama a kan darduma, Rumasa'u na bayanta ta toshe baki da gyale.

"Shu'aibu."

"Na'am, Iya. Barka da hantsi. An tashi lafiya?"

"A zaune kake gaishe ni yau?"

Alhaji ya dubi ruwa, ya dubi surukarsa, ya sake duban ruwa. Ya ce da ƙaramar murya, "A gafarce ni, Iya. Wurin ne ba ya ɗaukar durƙuso."

"To zauna abinka," in ji ta. "Gawa ba ta gaisuwa. In ka sauka ka zo ka yi mai kyau, ina nan."

Nan Malam Hambali ya buɗe ido, ya gyara murya, ya koma alƙalinsa na da, ko da yake bai saki katakon ba.

"Alhaji, na zo in koyi durƙuso a wurinka, sai ka koya mini abin da ya fi shi. Hukunci kai ka yanke da bakinka, a gaban shaidu, ni maimaitawa kawai zan yi. Doka ba ta faɗuwa, saboda haka jirgin Nazifi zai sha ɗauri wata uku. A cikinsu zai riƙa zagayowa ta hanyar mota, ya tsaya a ƙofar gidanka ya durƙusa a kan ƙasa mai tauri, har sai ka gaji ka ce ya isa. Ladabi ma ba ya faɗuwa, saboda haka daga yau duk jirgin da ya zo ƙuncin da ke gaban barandarka, kai ne za ka fara magana. Ka ce musu abin da ka ce yanzu. In babba ya ce a zauna, wanda ya tashi shi ne marar kunya, wanda ya zauna shi ne ɗan halak."

Alhaji ya juya maganar a ransa, ya ga babu inda girmansa ya zube, sai ma ƙaruwa da ya yi. Ya dubi surukinsa ya ce, "Nazifi, dama haka abin yake?"

"Haka yake, Baba."

"Kuma ka yi ta yi?"

"Ai Baba ne."

Alhaji ya jinjina kai. Can ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Ja mu bakin gaɓa, a hankali."

Tun daga ranar ba a sake tsamo hula a Tafkin Gauraka ba. Alhaji Shu'aibu ya sayi 'yar lasifika, yana zaune a barandarsa, ko agwagwa ce ta ɗaga wuya sai ya ce mata ta zauna. Masu hikima suka ce, girma na mai girma ne a ko'ina, amma gwiwa ta tudu ce, ruwa bai san suruki ba. Suka kuma ce, wanda bai ji da kunne ba, a bar shi da jiki, shi ne magayi.

Malam Hambali ya ɗauka hutun da ya zo nema ya samu. Ran nan yana kishingiɗe a ƙofar gida sai ga wata doguwar mota ta shigo tana jan jirgi fari fat, ta tsaya a gabansa. Wani siririn mutum da jar dara ya sauko ya yi sallama.

"Ko kai ne Sarkin Ruwa? Maigidana ne ya sayi gidan ƙarshe, gobe zai fara zagaya tafki. Ya ce in sanar da kai ba ya fita sai da ni."

"Kai ne direban jirgin?"

"A'a, ranka ya daɗe, maroƙinsa ne. Kuma tun da uwata ta haife ni ban taɓa yi wa mutum kirari a zaune ba."

Malam Hambali ya dube shi tun daga dara har takalmi. Sannan ya juya cikin gida ya ce a miƙo masa jar rigarsa.